Sabon Birkin Kawu da Bahon Tarwaɗa

Jama'a, yau tarwaɗa ta mari Kawu Sale a kan idona!

Kun san tsohuwar motarsa, wadda ta girme ni? Jiya ya karɓo ta daga gareji, an yi wa inji garambawul, an sa sabon birki da shokozoba. Yau muka sayo tarwaɗa masu rai a Kirikasamma don sunan jikarsa. Muka ɗora bahon a kujerar baya.

Kawu sai cika baki yake: "Ɗana, ka ji ƙugin inji? Ko rami ba na ji!"

Sai ga shanu a titi, can da nisa. Shi kuwa ya saba da tsohon birki, wanda sai an yi ta taka shi kafin ya kama. Ya danna iya ƙarfinsa.

Ƙiii! Mota ta ƙame, baho bai tsaya ba! Ruwa a kanmu, kifi ko'ina. Wata ta faɗa masa wuyan riga, wata ta wanke shi da mari.

Na ce, "Kawu, birki fa ya yi!"

Ya harare ni. "Kira min bakaniken nan ya mayar min da tsohon. Wancan sai ya yi shawara da ni kafin ya kama!"