Inda Muryar Gwaggo Ladi Ta Tsage

Damina shida ke nan da rasuwar Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, wadda matan Kwaya ke kira in za a yi kiɗan ƙwarya. Waƙarta ɗaya tak ta rage a duniya, kuma ni na ɓata ta.

Ina lise, wato lakwal ta sakandare, a Magarya lokacin. Da hutu na je gida da wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, da na aro, na ɗauki muryarta daban, ƙwarya daban, amshin mata daban. Kowanne in an saurare shi shi kaɗai lafiya lau yake. Ban san cewa in an haɗa su ƙarfinsu taruwa yake ba. Manhajar haɗa sauti tana da ma'auni a gefe, kore a ƙasa, ja a can sama. In sauti ya kai ja, na'ura ba ta da wurin ajiye shi, sai ta datse kansa, kunne ya ji kamar ana yaga zane.

Na ga jan ya kama. Gwaggo tana zaune kan tabarma tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Ɗan lakwal, wannan ai raɗa nake. Ƙara mini, ina so a ji ni har Bande."

Na ce, "Gwaggo, zai iya lalacewa."

"Ni da ban lalace ba shekara arba'in ina yi?"

Kunya ta hana ni musu da ita. Na ƙara, na fitar da waƙar, na zuba wa mata a salula. Da zan maida na'urar na goge asalin muryoyin. Kafin wata damina Gwaggo ta kwanta ciwon ajali.

Yau ina jami'a a Damagaram, kuma na koyi abin da ya kamata in yi. Ba a ɗaga murya don ta fi ƙwarya. Ƙwaryar ake saukewa. Ana nemo wurin da mawaƙi ya fi ɗaga murya, a auna komai da shi, a bar fili tsakaninsa da ja. Asali kuwa ba a goge shi. Nakan tambayi kaina me za ta ce da waƙoƙin da ƴan kabu-kabu ke saki a kasuwar Dungas, duk a tsage. Ina jin da ta yi dariya ta ce ga masu ji da kansu. Gwaggo ba ta taɓa tsoron ƙara ba.

A baiti na uku ne ta fi tashi, inda take kiran sunan mahaifiyarta. Nan ne ya fi lalacewa. Ko sunan ba ya fita. Na gwada manhajojin gyara, suka cike gurbin da wata murya mai santsi wadda ban sani ba.

Bana Rabi, ƴar Gwaggo, ta ce in kunna mata waƙar. Na faɗa mata gaskiyar abin da na yi, kaina a ƙasa. Da aka zo baiti na uku sai ta rufe ido ta ɗauka daga inda ya tsage, ta kai shi har ƙarshe, da sunan kakarta a ciki. Muryarta ba ta kai ta Gwaggo ba. Amma a wajen Rabi na fara jin abin da baitin yake cewa.

Allah ya kai haske kabarinki, Gwaggo.