Waken Soja, Wanda Ba a Dafawa

Bana shekara talatin da biyar ke nan da rasuwar maigidana. Sunansa ba ya fita bakina, yana raye ko bayan ransa, don haka masu karatu ku yi mini haƙuri. Soja ake ce masa a unguwarmu a Maraɗi, ni ma haka zan kira shi a nan. Ya rasu Turawa suna haɗa kayansu za su tafi. Bai bar shanu ba, bai bar babbar gona ba. Abin da ya bar mini, bayan 'ya'ya, shi ne wani wake da ba a dafawa. Da furfurata na koyi rubutu a ajin manya, kuma tun da hannuna ya saba da alƙalami nake son in ba da labarin waken nan, kafin jikokina su gama mayar da ni tsohuwar da ke ban ruwa ga abin da ba a ci.

Ina amarya aka ɗauke shi soja, shi da yayana Illa. Soja mutumin Tsibiri ne, mu 'yan Jiratawa, kasuwar Maraɗi ce ta haɗa su abota tun kafin a yi maganar aurena. Rana ɗaya aka tafi da su yaƙin Faransi. Bayan shekaru Soja ya dawo shi kaɗai, a rame, magana ta yi masa wuya. Illa ciwon ƙirji ne ya kama shi a can, sanyin ƙasar ya fi ƙarfinsa. A wani asibiti ya cika, Soja kuma yana cikin waɗanda suka yi masa wanka da salla, suka sa shi a kabari.

Inna, mahaifiyarmu, ta ƙi karɓar maganar. Soja ya cire takalmi tun daga ƙofar gida, ya durƙusa nesa da ita kamar yadda suruki ke yi, ya faɗi abin da ya gani. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Ban ga gawa ba, ban ga kushewa ba. Ku da kunka tahi tare, sai ku komo tare." Daga ranar ba ta ƙara amsa gaisuwarsa ba. Ta hana a yi sadakar uku, ta hana ta bakwai, ta hana ta arba'in. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ta juya masa baya. Ba ta yarda ta kwana wajen Jiratawa ko sau ɗaya, kada Illa ya zo bai same ta ba. Ko haihuwata ta fari ba ta zo ba. Ga idonta yana mutuwa a hankali, ga jiki yana raguwa. Abu biyu suka hana ni sukuni a shekarun nan: kada Inna ta mutu tana jira, kuma yayana yana kwance a ƙasar wasu ba a dama masa ko gumbar sadaka ba.

Wata rana ina gyaran ɗaki na tarar da gwangwanin taba a cikin jakarsa ta soja. Na buɗe, sai wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, ba su cika tafin hannu ba, kamar kashin akuya. Na tambaye shi ko wani asiri ne ya ɗauko mana daga Faransi. A nan ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi tun dawowarsa tsawo. Ya ce maƙabartar tana bayan asibitin, an kewaye ta da shinge, wani irin wake kuma ya haye shingen ya lulluɓe shi da furanni, ja da fari da shuɗi-shuɗi. Ƙamshinsu ya cika wurin ranar da suka rufe Illa. Da ya koma yin ban kwana kafin a sa su a jirgin ruwa, sai ya tarar furen ya zama kwanso ya bushe. Tsohon da ke kula da wurin ya bar shi ya tsinka, amma ya riƙe cikinsa yana kaɗa kai, alamar ba a ci. Soja ya rufe gwangwanin ya ce, "Ba ni iya kawo mata Illa. Amma in Allah ya yarda, ta ji ƙamshin inda yake kwance."

A lokacin ba mu daɗe da hawa tudu ba, bayan ruwa ya cinye tsohon garin Maraɗi. Gidanmu rairayi ne tsantsa. Ruwan farko na sauka Soja ya shuka waken, domin wane manomi ne zai riƙe iri a hannu damina ta faɗi? Ya tsiro kuwa, muka yi murna, sannan ya yi rawaya ya kwanta. Damina ta gaba ya sake, wannan karon a inuwa, da taki, da addu'a. Haka ya sake kwantawa. Maƙwabta suka sa masa suna waken Soja. Matan unguwa in sun gan ni a rijiya sai su tambaye ni yaushe za a aiko musu da ƙosan Faransi. Ni ma na yi masa tsiya, ba zan ɓoye ba, amma duk lokacin da ya buɗe gwangwanin na ga abin da ya rage, sai dariyar ta gushe.

Wanda ya warware matsalar kawunsa ne na Tsibiri, tsohon manomin gero da bai taɓa barin al'adar kakanninsa ba, bai kuma taɓa ganin Faransi ko a mafarki ba. Mun je gaishe shi bayan girbi, Soja ya ba shi labarin waken da ya ƙi ƙasarmu. Tsohon bai ko nemi ganin irin ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Ranar da kag ga huren nan, mi kake saye da shi?" Soja ya ce rigar soja mai kauri, har da wata a ciki, Turawa kuwa suna ta cewa ana zafi. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ashe baƙo muka yi ta saukewa a ɗakin da bai iya kwana. Zafinsu shi ne ɗarinmu, sai a jira sanyi.

Na ga mutane da yawa suna noma, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wa shuka hidima irin ta wannan shekarar ba. Ya zaɓi gindin katangar da rana ke dukanta da safe, inuwa ta rufe ta bayan azahar. Ya haƙa rami mai tsawo har gwiwa, ya ɗauko baƙar ƙasa daga gulbi a kan jaki, ya gauraya ta da tsohon takin awaki wanda ya gama zafinsa. Ƙwayoyin da suka rage duka ya juye, gwangwanin ya koma fanko. Bawonsu tauri gare shi, sai ya goga kowace a kan dutsen niƙata kaɗan, ya jiƙa su suka kwana, da safe ya binne su zurfin gaɓar yatsa. Ruwan randa yake ba su, wanda ya kwana ya yi sanyi, ya rufe gindinsu da ƙaiƙayi. Ya kafa musu karan dawa su hau. Suna kai tsawon hannu akuyata ta kutsa ta cinye kawunansu. Ranar na ga Soja ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, ni kuwa na rasa inda zan sa raina. Ashe gata akuyar ta yi mana, domin kowane tsiro sai ya fito da rassa biyu ko uku. Tun daga nan da hannu muke tsinke kan, akuyar kuma ta mutu da mutuncinta.

Ana tsakiyar ɗari furen farko ya buɗe. Ina shara da safe na ji wani ƙamshi da ban san irinsa ba, mai sanyi, ba na turaren wuta ba, ba na lalle ba. Na juya na ga Soja tsaye gaban katangar, hawaye na bin fuskarsa, bai ko share ba.

Sai kuma wata damuwar ta taso. Furannin ba su da yawa, iri kuma ya ƙare. Kowane manomi ya san furen wake shi ne waken, wanda ya tsinke shi ya tsinke girbinsa. In ya bar su su yi kwanso, za a sami irin baɗi, amma wa ya ba mu tabbacin Inna za ta kai baɗi? In ya yanke, to, shi ke nan, babu wani gwangwani. Inna kuwa ba za ta zo Maraɗi ba. Na bar masa zaɓi, domin uwata ce, bakina ba zai yi adalci ba. Da asuba na ji shi yana wasa wuƙa. Ya yanke su duka, bai bar ko ɗaya ba. Muka jera su a ƙwarya da ɗan ruwa, muka rufe da jiƙaƙƙen zane, na ɗora a kai, muka kama hanyar Jiratawa kafin rana ta yi ƙarfi.

Mun tarar da Inna zaune a ƙofar ɗakinta, fuskarta wajen hanya, kamar kullum. Soja ya durƙusa nesa ya yi gaisuwa, ba ta amsa ba. Na ajiye ƙwaryar a cinyarta na yaye zanen. Ta ɗan ja da baya, sannan ta sunkuya. Ta lalubi furannin da yatsunta, ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni mene ne wannan. Soja ne ya amsa, kansa a ƙasa: "Inna, shi ne bisa shingen da ke wajen kan Illa. Ran da munka sa shi, haka wurin yake ƙamshi."

Ta daɗe fuskarta a cikin ƙwaryar. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani suna motsi. Da ta ɗago sai ta ce, "Ashe wuri mai kyau ne." Sannan ta juyo wajena. "A jiƙa gero. Ki ba mijinki ruwa, ya sha hanya."

Washegari aka yi sadakar Illa, Jiratawa duka ta zo. Inna ta biyo mu Maraɗi ta ga jikanta da hannu, tun da ido ya ƙi. Kafin damina ta rasu, a ɗakina, hankalinta kwance.

Waken kuwa, da muka dawo muka tarar ya cika katangar da sababbin furanni, sun ninka waɗanda aka yanke. A nan muka gane halinsa: in ana yanka yana ƙaruwa, in aka bar shi ya yi kwanso sai ya ɗauka aikinsa ya ƙare. Na ƙarshe, da zafi ya fara leƙowa, su muka bari suka bushe, gwangwanin ya sake cika.

Ina yawan tunanin abin da Soja zai ce da ya ga yau. Jiratawa ta zama lambu shar, injin ke ban ruwa, hanyar da muka yi da ƙwarya a kai yanzu ɗan kabu-kabu zai kai ka kafin furen ya san an yanke shi. Zai ji daɗin wannan, na sani. Amma zai tsaya ya daɗe gaban furannin roba da ake sayarwa a kasuwa, ya sunsuna, ya dube ni. Yaran gidan nan sun yi lakwal, makarantar boko, suna ce mini sunan waken da Faransanci, suna kuma tambayata amfaninsa tun da ba a ci. Nakan ce musu ya taɓa ciyar da gari guda gumba.

Shi Soja da bazara ya rasu, lokacin da babu fure ko ɗaya a katanga, wannan kuma ya daɗe yana yi mini ciwo. Kabarinsa yana nan Maraɗi, na san inda yake, ba sai wani ya kawo mini ƙamshinsa ba. Duk da haka kowace shekara, sanyi na shigowa nakan goga ƙwayoyin a kan dutsen nan. Gwiwata ta daina yarda da haƙa, sai in sa a haƙa mini, amma yanka ba na bar wa kowa. Bana ma sun buɗe. Jiya da safe na yanke na farko duka, na jiƙa geron sadaka na mutum uku: Illa, Inna da Soja.