Sista Mai Rula

Ban yarda da matar ba da farko. Shekara tara na yi karatu a waje, ba na likita ba, amma na ga asibitoci masu na'urori, ita kuwa rular 'yan makaranta ce a aljihunta. Sista Mai Rula ake ce mata, shekararta ashirin da biyu a ɗakin waɗanda suka yi haɗari.

Ƙanena magini ne. Bulo ya faɗo masa a ciki, ko ƙwarzane babu. Likita ya ce hanji ya bugu, in ya ci gaba da kumbura zai matse ƙoda da huhu, sai an buɗe cikin. Abin da ake gudu ke nan.

Duk awa huɗu sai ta kwantar da shi sambal, ta ɗaga robar fitsarinsa sama, ta kara rular, ta rubuta inda ruwan ya tsaya. Wai matsin da ke cikin take aunawa. Na yi zaton wasan kwantar da hankalin dangi ne. Da ta rage gudun ƙarin ruwa, na ce a raina rowa ce, har na bi likita na tambaya. Ya ce shi ya sa hannu, yawan ruwan ƙara kumburin yake.

Ita ma ba ta yarda da mu ba. Tana sansana filas, tana leƙa ƙarƙashin gado. A rana ta biyu awon ya haura, fitsari ya ragu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yaye mayafin. Ashe Innarmu ta ɗaure masa ciki tamau da ɗankwali, wai don ya riƙe ciwon.

"Hajiya, haihuwa ya yi?" Sista ta sa wa ɗankwalin almakashi.

Inna ta ce sabo ne fa, Sista ta ce ai yanzu ya zama biyu. Aka zura masa roba ta hanci, ruwa kore ya yi ta fita. Zuwa la'asar awon ya sauka, ba a kai ga wuƙa ba.

Duk da haka washegari ta zo da rularta, fuska ba walwala. Na ce, "Sista, yaushe za ki daina zargin cikin nan?"

Ba ta ɗago ba. "Ran da ya yi tusa a gabana, Malam, har ya samu ƙarfin jin kunya."