Ƙwayar da Ba a Dakawa

Inna ba ta haɗiyar ƙwaya. Tun da ƙayar kifin tabki ta maƙale mata a wuya tana budurwa, komai ƙanƙantar ƙwaya sai an daka mata. Mai dakawar kuwa Goggo ce, yayar Baba, wadda ba a yi wa musu a gidanmu na Madarumfa. Tsakanin cokali biyu take murƙushewa, ta barbaɗa a fura.

Da hawan jini ya kama Inna aka ba ta wata sabuwar ƙwaya a likita, Goggo ta murƙushe yadda ta saba. Kafin azahar Inna ta zube a bakin rijiya, jiki sanyi ƙalau, idanu sun juye. A amalanken jaki muka kai ta likita.

Majo, babban ma'aikacin likitar, ya tambaye ni yadda ta sha. Ina faɗa masa ya dafe kai. Ya ce maganin ba ya daɗewa a jini, shi ya sa aka yi masa riga mai tauri don ya riƙa fita kaɗan-kaɗan daga safiya har wata safiyar. In an daka, na yini guda ne ke afka wa mutum lokaci ɗaya. In aka sake, in ji shi, ba lalle ta tashi ba.

Ranar da muka dawo gida na iske Goggo ta fiddo cokulanta. Na sa hannu na ɗauke ƙwayar.

Ta ce, "Ke! Tun ba a haife ki ba nake daka magani."

Na ce, "Goggo, daka gero, daka yaji. Wannan kam wallahi ba za ki daka ba."

Baba ya ce in ba ta haƙuri. Haƙurin me? Na ƙi. Matan gida suka ce ɗiyar nan ta fitsare. Na ji zafi, ba ƙarya, amma na ƙulle maganin a bakin zanena.

Kullum da safe nakan tusa ƙwayar cikin ƙaramar lomar tuwo, in dulmiya a miyar kuɓewa mai yauƙi. Inna tana ƙwalla tana cewa za ta shaƙe, ni ina cewa, "Kada ki tauna, Inna!" Ba na gusawa sai na ga maƙogwaronta ya motsa.

Har yau da hanci Goggo ke amsa gaisuwata. Ta riƙe abinta. Ni dai bana da ƙafarta Inna ta je roron wake, ina biye da ita da ƙwarya a kai.