Macijiyar da Aka Bar Mini Amana

Ranar da ɗiyata ta fari ta sauka daga jirgin ƙasan Paris, na hango ta da ƙaton kwali da wata 'yar jakar yadi ɗaurarriya, na ɗauka tsaraba ce. Sai da muka isa gida a unguwarmu ta Guillotière, ta ci tuwo ta ƙoshi, sannan ta fito da akwatin gilashi daga kwalin, ta kwance bakin jakar a kan teburina. Na yi salati na koma bayan kujera.

Macijiya ce siririya, ba ta wuce kaurin babban yatsa ba, baƙa da ratsin rawaya uku daga wuya har wutsiya. Irin na Amirka ne, in ji ta, ba sa cutar da mutum. Da ma na san da zamanta, don mun taɓa yin faɗa a waya a kanta. Na ce wace irin ɗiya mace ce za ta rasa abin kiwo sai maciji, ta ce ni ban taɓa son abin da take so ba, ta kashe wayar. Maganar nan ta daɗe tana cin raina. A gidanmu a Maraɗi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, kuma haka na rene ta. Ita kuwa a nan ta tashi, inda uwaye ke sumbatar 'ya'yansu a ƙofar lakwal, wato makaranta. Abin da yake kunya a wurina, ita rashin so ta ɗauke shi.

"Maman, ɗakina ƙarƙashin kwano yake, zahi zai kashe ta," ta ce. Wani ɗan ɗaki ne take haya a hawa na shida kusa da unguwar Barbès a Paris. "Wata ukku kawai, har in gama rubutun mémoire na ƙare jami'a. In ba ki iyawa, ki hwaɗa mani."

Na ce ina iyawa. Na san in na ƙi, ta sami shaidar abin da take zargina da shi. Ta manna takarda a jikin firigo, na'urar sanyaya abinci: abinci sau biyu a mako, tana ko guntun kifi, fitilar ɗumi da rana, ruwa sabo kullum. Washegari ta koma Paris.

Takardar nan kwana huɗu na bi ta. Duk lokacin da na zauna cin abinci, sai macijiyar ta ɗago kai ta jingina da gilashi, tana fito da harshe tana kallona. Ni kuwa a gidana baƙo ba ya kallon bakina ina tauna. Ballantana amana ce, kuma mu abin da aka ba mu riƙo, ko akuya ce, da ƙiba muke mayar da ita. Na fara miƙa mata tana ɗaya da dogon tsinke, ta warce. Na ƙara, ta warce. Kafin mako ya zagayo kullum nake ba ta. Tsohon da ke sayar da kayan kamun kifi, inda nake sayen tanar, har ya saba da ni, yana tambayata ko kogi ya ba da wani abu. Ina ce masa sai a hankali.

Wajen wata guda na ga ta fara kauri, na ji daɗi ƙwarai. Sai kaurin ya wuce misali. Daga tsakiyarta zuwa wutsiya ta kumbura, wuyan yana nan siriri, fatar cikin ta miƙe har ana ganin tsakankanin ɓamɓarokinta. Ta daina yawo, wuni take yi a miƙe ƙarƙashin fitila. Wata safiya na miƙa mata kifi ta kau da kai. Haka gobe, haka jibi. Daga baya idanunta suka yi fari-fari kamar na mai yanar ido.

Na ce shi ke nan, na kashe ta da ci. Tsoro ya kama ni, ba na macijiyar ba, na ranar da zan ce wa ɗiyata abarki ta mutu a hannuna. Wa zai yarda ba da gangan na yi ba, bayan abin da bakina ya faɗa? Duk kiran da ta yi sai in ce, "Lahiya lau take," in yi sauri in tambaye ta karatu. Mako uku ina wannan ƙarya, da furfurata.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Lahadi bayan azahar na kira ta, ko gaisuwa ban gama ba na zazzage mata komai, har da zancen tana kullum. Sai ta ce in juya mata waya ta gani. Na kai wayar jikin gilashi.

"Matso da ita wajen wutsiya. Attends, dakata... Maman, ta yi saɓa?"

"Shekaranjiya na tsinci tsohuwar hwatar, idanun ma sun washe."

Sai na ji ta kwashe da dariya, irin wadda rabona da ji tun tana ƙarama. "Maman, ciki gare ta!"

Na ce ciki daga ina, ita kaɗai a akwati? Ta ce mutumin da ta saya a wurinsa a watan Afrilu, maza da mata a haɗe yake ajiye su. Irin waɗannan ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke yi. Cikin yakan kai wata biyu zuwa uku, wani lokaci ya ɗara, gwargwadon ɗumin da uwar ta samu, shi ya sa take naniƙe wa fitila. Yawan cin da ta yi da farko na cikin ne, ƙin cin ma nasa ne, don wuri ya ƙare. Farin idon kuwa na saɓa ne, kuma sau da yawa sukan yi ta in haihuwa ta matso. Abincin dai na wuce ƙa'ida, ta ce, amma ba shi ya kumbura ta ba.

"Ke da kika shekara goma kina karɓar haihuwa a Maraɗi!"

"Ba a taɓa kawo mani mai ciki marar ƙugu ba," na ce.

Da dariyar ta lafa, ta tambaye ni a hankali me ya hana ni faɗa mata tun farko. Na ce tsoron kada ta ce ƙiyayya ce. Kunya ta hana ni ƙarawa.

Kwana goma sha biyu bayan saɓar, ina wanke kofin shayin safe, na ga macijiyar ta ɗaga wutsiya tana matsa jiki. Na jawo kujera na zauna. 'Ya'yan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowane a naɗe cikin ɗan tantani mai sheƙi, ya huda shi da kai ya fice, siriri kamar igiyar takalmi, da ratsinsa na rawaya cif. Na sami kaina ina ce mata sannu, kamar yadda nake ce wa mata a kan gwiwa.

Na ƙirga goma sha bakwai suna yawo. Na goma sha takwas bai huda nasa tantanin ba. Ban san lokacin da na buɗe murfin na ɗauko shi ba. Na yage tantanin, na ɗora shi a tafin hannuna, ina shafa shi da auduga da ruwan ɗumi. Na daɗe ina yi, bai motsa ba.

Zuciya ta ce mini goma sha bakwai sun isa albishir, wa ya ƙirga ban da ke? Na ɗauki waya kafin ta rinjaye ni. Ɗiyata tana cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ƙara ta cika kunnena.

"Ta sauka lahiya. Goma sha bakwai da rai, guda bai zo da rai ba. Na shahe shi da ruwan ɗumi, na yi iya ƙoƙarina, Allah bai nuhwa ba."

Na ji ƙofar jirgi ta buɗe, ƙarar ta yi nisa. Ta sauka ke nan a tashar da ba tata ba.

"Maman, da hannunki kika ɗauke shi?"

"Da hannuna."

Sai kuka ya ƙwace mata, ni ma na kasa riƙe nawa. Da ta samu numfashi ta ce, "Kar ki bizne shi sai na zo. Ina shiga jirgin marece."