Takardar Mallakar Ɓargo

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, lokacin mulkin soja, ina aikin buga takardu a wani ƙaramin biro, wato ofis, a Yamai. Aikinmu karɓar buƙatun masu ƙirƙira ne. Idan mutum ya gano wata sabuwar dabara, sai mu haɗa masa dosiye, wato fayil ɗin takardunsa, a aika waje, a ba shi takardar mallaka don kada wani ya kwaikwaya ba da izninsa ba. Masu ƙirƙira ba su cika zuwa ba, don haka yawancin ranaku ƙura nake sharewa a kan injin buga takardu.

A unguwar Bukoki nake haya, gida ɗaya da wani dattijo mahauci, mutumin Tawa. Fari ya ramar da shanu, nama ya ragu, ƙashi ya yi yawa, sai ya koma dafa romon ɓargo yana sayarwa a ƙofar gida. Wata safiya ya tare ni da rediyonsa a hannu, ransa a ɓace. Ya ce ya ji likitocin Turai suna ɗiban ɓargon mai lafiya su sa wa mai ciwon jini, har wani ya samu takardar mallaka a kan dabarar tace ƙwayoyin da ke haihuwar jini a cikin ɓargon. Shi kuwa tun yana yaro ya ga mahaifinsa yana fasa ƙashi yana ba masu ƙarancin jini ɓargon.

"Yanzu in zan fasa ƙashi sai na nemi izni ke nan?"

Na ce a'a Baba, dabarar tacewar aka mallaka, ɓargo na nan na kowa. Bai gamsu ba. Ya ce tun da biro ɗinmu ne ke ba da irin wannan takarda, shi ma zai je ya karɓi tasa kafin a riga shi.

Ran Litinin muka shiga taksi, shi da babbar rigarsa da kwanon romo a ɗaure cikin ƙyalle, wai shaida. Shugaban biro ɗinmu ɗan Damagaram ne, mai tsoron kada sojoji su shigo ba sanarwa su tarar ana wasa da aiki. Da ya ga kwanon sai ya rufe ƙofa. Amma ya daɗe bai ga mai ƙirƙira ba, kuma ƙamshi ya riga ya cika ɗakin, sai ya ba Baba kujera ya ce a faɗi dabarar dalla-dalla. Baba yana faɗa ina bugawa da Faransanci: ƙashin cinya, citta, kanumfari, da wani abu guda da ya ƙi faɗa. Shugaba ya bayyana masa cewa ba a ba da takarda sai an tona sirri duka. Baba ya dube shi ya ce wannan ai hanyar sata ce mai tampo, wato hatimin gwamnati.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa, wani soja ya shigo. Shugaba ya miƙe tsaye har kujera ta faɗi. Ashe likitan soja ne, ya zo neman sa hannu a wata takarda ya ɓata ƙofa. Ya tambayi me ake dafawa, aka ba shi labari, ya zauna. Ya yi wa Baba bayani da Hausa mai gauraye da Zabarmanci, cewa ɓargon da likitoci ke nufi na mutum ne, galibi na ɗan'uwan maras lafiya, kuma da ransa ake sa shi ta jijiya, ya je ya zauna cikin ƙashi ya fara haihuwar sabon jini. Wanda aka tafasa kuwa abinci ne mai kyau, amma ciki yake zuwa.

Baba ya ce, "Ashe nasu ɗanye ne."

Daga nan hankalinsa ya kwanta, don a ganinsa mai ba mutane ɗanyen abu bai kai ya zama abokin gasarsa ba. Likita ya sha romo rabin kwano, shugaba ya shanye sauran. Sai da za mu tashi Baba ya rage murya ya tambayi likita ko wannan aikin zai yi wa jikarsa, mai fama da ciwon gaɓoɓi da farin ido tun tana goye. Ni da muke gida ɗaya ban san saboda ita ya zo ba. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa ba a yin aikin a ƙasarmu tukuna, amma ya kawo ta ya duba ta. Ya kai ta a satin, aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta riƙa shan ruwa da yawa, ta kiyayi sanyi. Ta samu sauƙin yawan kwanciya ciwo a waccan shekarar.

Dosiyen bai bar kabad ɗinmu ba. Shugaba dai ya ba Baba ƴar takardar shaidar cewa an karɓi buƙatarsa, ya buga mata tampo har biyu. Baba ya sa ta a leda ya rataye bisa tukunya, yana gaya wa masu saye cewa gwamnati ta san da romonsa. Duk wanda ya nemi sanin abin da aka rubuta, ni ake kira. Nakan karanta da Faransanci, da murya irin ta mai labaran rediyo, in wuce wurin aiki kafin a ce in fassara.