Guɗar Mama Nozibele

Suyar magwinya, wato fanken Afirka ta Kudu, Mama Nozibele take yi a ƙofar jami'armu, amma maƙogwaronta ne ya yi mata suna. In ta rangaɗa guɗa, har tattabarun kan rufi sai sun tashi.

Abin ya faro ranar da ta leƙa bikin yaye ɗalibai, ta ga wani yaron garin Lusikisiki, Mzwamadoda, ya karɓi digirinsa shiru kamar ba shi da kowa. Nisa ya hana uwarsa zuwa. Zauren kuwa tun zamanin da fararen fata kaɗai ke shigarsa, ɗan tafi ake yi a kame baki. Mama ta ce ba a gabanta ba, ta saki guɗa. Mai gadi ya raka ta waje tana yi.

Tun daga nan duk ɗalibin da ya zo sayen magwinya sai ya sha tambaya.

"Kai ɗan wane dangi ne? Faɗo kirarin kakanninka in haddace."

"Mama, jarrabawa gare ni yanzu."

"To ka faɗi jarrabawar ka gani! Guɗarka na wuyana, wa zan kai wa?"

Na san waɗanda suka ɗaure kaya za su gudu gida, tsoron bakinta ya mayar da su aji.

Bara 'yarta tilo, Sinesipho, ta gama karatun lauya, bikinta da yamma. Muka roƙi Mama ta adana muryarta. Ina! Zaman safe cike yake da 'ya'yan nesa, ta bi su da guɗa ɗaya ɗaya. Kafin yamma murya ta dushe, citta da zuma suka kasa.

Aka kira Sinesipho. Mama ta miƙe ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Yarinyar ta tsaya a kan dandamali tana waige. Tausayi ya kama ni har na sunkuyar da kai.

Sai wani malami ya tashi daga sahun manya da jar rigarsa. Dakta Mzwamadoda ne, yaron nan na Lusikisiki da ta fara yi wa guɗa shekarun baya. Ya kwarara kirarin dangin Mama, wanda duk muka sha ji a bakin kaskonta har ya zauna mana. Mata suka ɗauka da guɗa, zaure ya kaure.

Mama ta share hawaye da gefen mayafi, ta raɗa mini a kunne: "Ba su iya ba, ɗana. Amma ƙyale su."